Tulun Mama na Lantarki

Shekarun baya, da na haifi ɗana na fari, mahaifiyata ta taso daga Kafanchan ta zo mini jego a ƙasar waje, a unguwar Sri Petaling. Ita ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu na gida, don haka ta naɗo tulunta cikin zannuwa, wai da shi za ta yi godiya ranar da za a kai jariri coci. Muka buɗe akwati, sai tsingaro. Wayyo, ranar ko shayi ba ta sha ba.

Ina da wata ƙawa Bakanuwa da ke digiri na uku a kan ƙera kayan kiɗa na kwamfuta. Ni kuwa da bakina ba ya shiru, kullum sai na tsokane ta: "Duk karatun duniya ki rasa na yi sai na ganga?" Ita ce ta ce a ba ta tsingaron.

Ta dawo da wani faifan roba mai wayoyi. Ka buga, lasifika ta ba da muryar tulu sak. Ni har na fara tafi. Mama ta buga sau biyu ta ture shi.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata, amma abin nan ba ya magana."

Kunya ta kama ni, na shiga ba da haƙuri. Ƙawata ko a jikinta. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Mama, nuna mini yadda kike zama da naki." Mama ta jawo tukunyar shinkafa ta matse tsakanin cinyoyinta. Ƙawata ta daɗe tana kallo, sannan ta raɗa mini, "Kunnen Mama ya yi nauyi, ko?" Ya yi kam, da daɗewa. Ashe a jikinta take jin kiɗan, ni 'yarta ban taɓa lura ba.

Ta sayo tulun furanni na roba, ta dasa masa wata ƙaramar na'ura mai girgiza a ciki. Ranar godiya Mama ta rungume shi ta kai bugu ɗaya, ta tsaya cak. Sai ta ɗaga murya ta ja waƙa, mata suka amsa. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

Har gobe ina jinjina wa wannan baiwar Allah. Tulun yana Kafanchan yanzu, Mama ba ta jin komai kuma, amma duk Lahadi ita ke bugawa.