Malam Isyaku Ne Ya Koya Mini Amsa Tambayar Intabiyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Isyaku mai tafireta ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a shagona na Gwaram ana sauke taki. Mista Yohanna ne ya kira, mai kemis ɗin da ke jikin rumfar Malam a Birnin Kudu. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Sabo, abokina ya tafi. Sha ɗaya za a yi masa sallah. In kana da lokaci."

Ya kashe wayar.

Da yawanku ba ku san Malam Isyaku ba, kuma laifina ne. Shekara nawa kuna bina a shafin nan, kun ga hotunan shagunana uku, kun ga motar ɗaukar kaya ranar da na saye ta, kun sha jin ina cewa ni na gina kaina da kaina. Ko sau ɗaya ba ku taɓa ganin sunan bawan Allahn nan ya fito daga hannuna ba.

Yau zan faɗa, ko da kuwa ya yi latti.

Kusan shekara ashirin ke nan na baro Farin Dutse da satifiket ɗin sakandare wanda ni kaina ba na son a daɗe ana kallonsa. Na sami kiran intabiyu a wani kamfani. Na shiga yadda aka tarbiyyantar da ni. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na tsuguna, na gaida mutum ukun da ke bayan tebur ɗaya bayan ɗaya, da gida da iyali da gajiya. Aka ce in zauna, na ɗosana a bakin kujera, idona a kan siminti.

Babbansu ya ce, "Me ya sa za mu ɗauke ka?"

Na ce, "Ranku ya daɗe, ku taimaka mini saboda Allah. Mahaifina ya tsufa."

Ko minti biyar ban yi a ɗakin ba.

Daga nan na wuce rumfar Malam don a buga mini wata takardar neman aiki, saboda na ji kamfanin iri da taki yana neman mai kula da sito. Ban san shi ba, bai san ni ba. Yana buga tafireta yana tambayata yadda aka yi, ni kuma na zayyane masa komai, har da tsugunon.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya leƙa ya ce, "Yohanna, fito ka ga wanda ya je neman aiki ya ɓuge da roƙo!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙa hannu zan karɓi takardata in tafi, sai ya ɗora tafinsa a kai.

Ya ce, "Zauna, ɗan Farin Dutse. Tarbiyyarka ba laifi ba ce. Wurin da ka kai ta ne ba a saye."

Ashe kafin ya yi ritaya magatakarda ne a ofishin ɗaukar ma'aikata. Shekaru yana zaune a kusurwa yana rubuta abin da masu neman aiki suke faɗa. Ya ce ya ga masu ƙwazo sun faɗi saboda kunya, ya ga marasa kan gado sun wuce saboda bakinsu ya buɗe.

Sati biyu ya rage a yi intabiyun siton. Ya ce kullum bayan la'asar in zo.

Sai ya juya teburin tafireta ya fuskanci titi. Shi ne shugaban kwamitin intabiyu na gwaji. Mista Yohanna ya janyo ƙofar kemis rabi, ya sa tabarau, ya zauna a gefensa, shi ne mai tambaya da Turanci. Rumfar ba ta da ƙofa, amma dole in koma bakin titi, in ƙwanƙwasa ginshiƙi, in jira a ce in shigo. 'Yan acaɓar da ke tsayawa a wurin har sun san lokacin. Suna ganina sai su ce, "Manaja ya iso!"

Ranar farko sau shida yana mayar da ni saboda takalmi. Ƙafata da kanta take tuɓewa.

"Koma. Ba masallaci ba ne."

In na sunkuyar da kai, sai ya buga biro a tebur. "Ina nan sama, Sabo. Me ka ajiye a ƙasan?"

Na ce, "Malam, ai kai sa'an babana ne."

Ya ce, "A waje. A nan ni mai neman ma'aikaci ne, kuma ba na ɗaukar ƙeyar mutum aiki."

Tambayoyin ba su da yawa, kullum su ne dai. Gaya mana ko kai wane ne. Sai in fara da sunan mahaifina da na kakana da unguwarmu. Mista Yohanna ya cire tabarau ya ce, "Ba aurenka za mu yi ba, malam."

Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar? Na ce Allah ne masani. Malam ya ce, "Gaskiya ne. Ka ce in sha Allah, sannan ka ci gaba da magana. Kada ka tsaya a nan ka bar su suna kallonka."

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce, me ka iya? Bakina ya ƙi. A gidanmu yaron da ya ce na iya, rankwashi yake sha. Kwana uku ina cewa sai abin da kuka koya mini.

Rana ta huɗu bai yi mini tambayar ba. Ya ajiye biro ya ce mu yi hira kawai. Wa yake kula da rumbun gidanku? Na ce ni. Yaya kake gane ƙwari sun shiga wake? Na ce da wari, tun kafin a gan su, kuma in ka tura hannu tsakiyar buhu za ka ji ɗumi. Buhu fa, a ƙasa kake jibgewa? Na ce haba Malam, sai an shimfiɗa itace, kuma ba ya taɓa bango, in ba haka ba damina ɗaya ya tashi daga aiki. Na yi ta zuba, na manta ma da wanda nake magana.

Ya juya ya kalli Mista Yohanna. Ya ce, "Ka ji mutumin da bai iya komai ba."

Sannan ya ce mini, "Wannan ita ce amsarka. Faɗin abin da ka iya ba girman kai ba ne, in dai ka iya ɗin."

Ranar intabiyu ya ce in biyo ta gidansa da sassafe. Maiɗakinsa, Inna Rabi, ta aiko da koko da ƙosai zaure. Na ce ba na jin yunwa. Ya tsaya a kaina sai da na shanye. Ya ga kaftanina ya yamutse a mota, ya karɓa, ya goge da dutsen guga na gawayi da hannunsa, ina zaune da singileti.

Na shiga da takalmina. Na kalli mutane a ido. Na yi musu bayanin ɗumin buhu. Aka ɗauke ni.

Daga siton nan na san dillalai, na san manoma, na san harkar. Shekara shida na fita na buɗe nawa. Ba zan yi ƙarya ba, na sha wahala, kuma gumina ne. Ba wanda ya ɗauki buhu a madadina. Amma ƙofar da na bi na shiga, wani ne ya koya mini ƙwanƙwasa ta.

Shi ya koya mini in buɗe baki in ce "ni". Na koya, na wuce inda ya ce in tsaya.

Da farko ina zuwa gaishe shi duk Juma'a. Daga baya ya koma sallah-sallah. Daga baya in na zo wucewa ta gaban rumfar sai in danna hon in ɗaga hannu. Shi kuma sai ya miƙe tsaye ya ɗaga nasa. Dattijo ya miƙe wa motata.

Ban so a tuna ba, wannan ita ce gaskiyar. Duk wanda ya san ni a wurin nan ya san ni a tsugune.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat tun safe.

Wata uku da suka wuce wata ƙungiyar matasa ta gayyace ni Birnin Kudu in yi musu lacca kan yadda ake shirya amsar tambayoyin intabiyu. Kun ga bidiyon, a shafin nan na saka shi. Wasunku sun ce in rubuta littafi.

Duk abin da na faɗa a ranar nasa ne. Kada ka tuɓe takalmi. Ka ce in sha Allah ka ci gaba. Ba aurenka za su yi ba, har wannan ta Mista Yohanna na ɗauka, kuma ɗakin ya yi dariya. Ina tsakiyar magana na hango shi a bencin ƙarshe, da sandarsa tsakanin ƙafafu, Mista Yohanna a gefensa. Amma ban tsaya ba.

Da aka zo tambayoyi, wata yarinya ta karɓi lasifika ta ce, "Alhaji, kai wa ya koya maka duk wannan?"

Tambaya mai sauƙi. Amsar tana zaune a bayan ɗakin.

Ma'aikatana suna layin gaba. Waya kusan ashirin a sama tana ɗaukata. Na ce, "Rayuwa ce ta koya mini. Ni ba wanda ya taɓa zaunar da ni."

Aka yi tafi. Shi ma ya jingine sandar ya tafa.

Bayan an tashi na yi sauri in shiga mota, sai ga shi yana tahowa a hankali. Ban fita ba, gilashi na sauke. Ya dafa ƙofar yana numfashi.

Ya ce, "Manaja, ka yi magana mai kyau. Ka kalli mutane, ba ka yi inda-inda ba."

Na ce, "Na gode, Malam." Ina jiran sauran.

Ya ce, "Abu ɗaya ka manta. Ba ka ce musu su ci abinci kafin su shiga ba. Mai jin yunwa ba ya jin tambaya. In sun sake kiranka ka ƙara wannan."

Shi ke nan abin da ya ce. Na ce zan shigo gida in gaida Inna. Ya ce to, Allah ya kawo ka. Na ɗaga gilashi.

Ban je ba.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta na tarar da Mista Yohanna a ƙofar gidan Malam, a kan benci, idonsa jawur. Na miƙa masa hannu, ya daɗe kafin ya karɓa.

Ya ce, "Ka san ranar nan ƙafarsa a kumbure take? Na ce kada ya je. Ya ce yaronsa zai yi lacca, ko da rarrafe sai ya je. Duk layinmu sai da ya gaya wa."



Ya ce, "Da ka ba da amsar nan, na yunƙura zan tashi in ƙaryata ka a gaban kowa. Ya riƙe mini riga. Ya ce, bar shi Yohanna, yau ranarsa ce."

Na ce, "Bai ce komai ba bayan nan?"

Ya ce, "Ya ce. A hanya ya ce wannan tambayar ce kaɗai ba mu taɓa gwada maka ba."

Ni Sabo, da ba na sunkuyar wa kowa kai a kasuwa, na kasa ɗaga ido in kalli mai kemis.

A cikin mota nake rubuta wannan, a ƙofar gidan. Har yanzu ban shiga na yi wa Inna Rabi gaisuwa ba. An gaya mata na zo, ta aiko cewa in shigo. Na ce sai na gama wannan na tura, don kada in shiga ta karɓe ni da fara'a in ji sanyi in fasa. Na san halina.

Bidiyon nan ba zan goge shi ba. Ku koma ku kalla. Wajen ƙarshe, lokacin da mai ɗauka ya juya kan jama'a, akwai wani dattijo a bencin baya da farar hula yana tafi. Shi ne. Duk wanda ya tura bidiyon wani wuri, don Allah ya tura wannan ma can. Yarinyar da ta yi tambayar, ban san sunanki ba, in wannan ya iso gare ki: ƙarya na yi miki. Malam Isyaku ne ya koya mini, a rumfar tafireta, sati biyu, shi da abokinsa.

Ya Allah, ka gafarta wa Malam Isyaku. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya. Ka saka masa da alherin da ni ban saka masa ba, ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa da abokinsa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, don wanda zan roƙa yafiyar ya riga ya tafi.

Jama'a, ina roƙonku addu'a. Kada ku tsaya a "Allah ya jiƙan rai" kawai. Ku kira sunansa a sujadarku, ku ce Malam Isyaku.

Ni ban kira ba ranar da yake zaune yana ji.