Jinin da Ta Ƙi Aunawa

Sikeli muke ce wa ƙawata, saboda aikinta. Ni tela ce, shagona yana kallon ƙofar asibitin da take aiki, a wurina take cin abincin rana.

"Ke kina auna ƙugun mutane, ni ina auna abin da ke cikin jininsu," in ji ta. "Nawa dai ba sa tsuke ciki su yi mini ƙarya."

Ta taɓa shigar da ni ɗakin gwajin. Sanyi kamar cikin firji, ga wata ƙatuwar na'ura tana gurnani. Ta ce furotin take aunawa, wani sinadari da ke yawo a jini. Wasu sai sun daddatsa shi, ita kuwa sukutum take ɗora shi a kan na'urar, domin in an haifi mutum da wanda ya bambanta, nauyinsa ne ke tona shi. Na mai lafiya tudu ɗaya yake yi a allo, na mai matsala biyu.

Wata rana ana neman jinin mai lafiya don a gwada na'urar, ta miƙa hannunta tana dariya. Tudu biyu suka fito. Ta wanke komai ta sake, biyun dai. Irin furotin ɗin nan ne da ke taruwa a zuciya da jijiyoyi, ciwon da ya kashe mahaifinta tun ba a san sunan cutar ba. Gadonsa ake yi, ga ta da ɗa guda.

Na roƙe ta ta auna yaron.

"Ƙawata, na kowa zan auna, ban da wannan. Muddin ban duba ba, lafiyarsa ƙalau."

Shekaru suka ja. Ƙafafunta suka fara mutuwa, sannan numfashi ya soma gagararta. Na yi ta rage mata riguna, ina ce mata yadin ne ya saki. Ta san ƙarya nake yi, ta bar ni. Har ta rasu ba ta duba ba. Allah ya jiƙanta, ba ni da wata kamarta.

Ɗan nata ya girma, har an sa masa ranar aure. Ashe da ƙafarsa ya je wurin abokin aikin mahaifiyarsa ya ba da jini. Jiya ya tsaya a ƙofar shagona, ya ƙi shigowa.

"Gwaggo, biyu ne."

Na ce ai likitoci sun ci gaba, za a samu magani.

"Ita ma haka kika riƙa ce mata." Ya dubi kayansa da ke kan keken ɗinkina. "Ɗinkin auren nan, ki dakata da shi tukuna."

Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Ya juya ya tafi.