Sunan da ke cikin wayar Iyatu

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Yalwa ta Garuwa, ko da na damina guda ne, ya ci ƙuli-ƙulin Iyatu, ko ya sani ko bai sani ba. Kakanta Bakatsine ne, fataucin kanwa ya kawo shi bakin Binuwai, kasuwa ta karɓe shi ya ajiye sanda. Ita kam Katsina sai a labari. Hausa take yi a gida, Fillanci a kasuwa, Faransancinta kuwa bai wuce na gaida likita ba. Mijinta Malam Dawuda tela ya rasu yara suna ƙanana, ya bar mata biyu, Abdussalam da ƙanwarsa Sadiƙa. Da gyaɗa ta raine su. Ta soya, ta murje, ta kai niƙa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta jefa a kasko. Har tafin hannunta ya yi kantar da za ta ɗauki garwashi ta mayar murhu tana hira.

Abdussalam shi ne ɗan fari, ita kuwa Iyatu irin matan da ne masu riƙon kunya. Shekara talatin da ɗaya suna gida ɗaya, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yana yaro “kai” ne, ko “wancan”. Ranar da zazzaɓi ya kai su asibiti aka tambayi sunan yaro, maƙwabciyarta Hawa'u ta waiwaya ta kalla, Hawa'u ta faɗa. Da ya girma ya kama tuƙin ƙaramar bas tsakanin Garuwa da Ngaundere sai ta samu sauƙi, ta koma ce masa Direba. Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Amma ƙuli-ƙulin farko da ya fito daga kasko, mai zafin nan, a wani kwano daban yake zuwa, kuma kowa a gidan ya san kwanon waye.

Da aka kai Sadiƙa ɗakin mijinta a Dugoi, can Marwa, Direba ya sayo wa uwar babbar waya mai shafawa. Ta ce me za ta yi da madubi. Ya koya mata wuri biyu kawai: inda za ta taɓa ta amsa kira, da inda za ta danne ta yi magana ta saki. Batun koneksiyon kuwa, wato abin da ake saya kafin saƙon murya da hoto su shigo, ya ce kada ta wahalar da kanta. Tasa wayar za ta riƙa ɗebowa tana sam wa tata, kamar mai famfo da maƙwabcinsa. Ya haɗa su, ya nuna mata wani ɗan rubutu yana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce me aka rubuta. Ya ce sunan da ya raɗa wa wayarsa ne, Ɗan Iyatu. Ta ja tsaki ta ce ba shi da ta ido, ta juya ta ci gaba da juya gyaɗa. Boko ba ta karanta shi, amma siffar rubutun nan ta zauna mata daram.

To ga yadda abin ya zama. Wayar tana rataye cikin 'yar jakar tsumma a ƙusar rumfar suya, kwana biyu shiru. Ranar dawowarsa, wajen la'asar, da zarar babur ya sauke shi a ƙofar gida, tun bai yi sallama ba wayoyin nan biyu sun ga juna. Sai ta jikin ƙusa ta kama ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, saƙonnin Sadiƙa na kwana biyu suna zubowa. Iyatu ba ta ɗaga kai. Sai dai ta jawo kwanon nan kusa, ta tura butar shayi bakin wuta. Shi kuma ya shigo yana karkaɗe hula.

“Inna, wayarki ta fi ki murnar ganina.”

“Ita ai ba ta da kunya.”

Shekara uku haka. Maƙwabta ma sun gane, in suka ji ƙarar ta katanga sai su ce Direba ya sauka.

Ranar wata Talata da hantsi, kusa da Ngong, tayar wata babbar mota ta fashe ta yo kan hannunsa. Fasinjoji da yawa sun fita da rauni, shi bai fita ba. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Wayarsa a murƙushe aka tsinto ta, ba wanda ya ga amfanin kawowa. Iyatu ta zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, mata suna ta yaba haƙurinta, suna cewa a yi koyi. Sadiƙa ta zo ta yi kukanta har muryarta ta dushe, ta koma bayan addu'ar bakwai. Ranar ta takwas Iyatu ta hura wuta ta ɗora kasko.

Wayar ta koma ƙusarta. Kira yana shiga, ƙarar nan kuwa ta ɗauke. In la'asar ta yi, gida ba kowa, Iyatu takan goge hannu ta sauko da ita, ta bi hanyar da ta ga yatsansa ya bi. Rubutun yana nan. A gefensa wani ɗan zobe yana juyawa, ya juya, ya juya, ya gaji ya tsaya. Ba wanda ya gaya mata ma'anarsa, ita ta fassara wa kanta: nemansa take yi. Sai ta mayar da ita jaka ta rataye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata bakwai da rasuwar, wayar ta fara gardama. Kira ya shigo ya katse, daga baya ya daina shigowa sam. Mijin Sadiƙa ya saya mata koneksiyon daga Marwa ya tura a layinta, ko gezau. Hawa'u ta matsa mata, har ta saka hijabi ta hau babur zuwa bakin babbar kasuwa, wurin Bertrand mai gyara. Mutumin kudu ne, furfura ta fara cin gemunsa, da gyaran rediyo ya fara a gindin dogonyaron nan tun kafin wayoyi su zo. Fillancinsa ya fi Hausarsa, Dada, wato uwa, yake ce wa duk wata dattijuwa.

Ya kashe wayar ya kunna. Ya zare layin ya goge a gefen rigarsa ya mayar. Ya sa layin a wata waya, ya kama rezo, wato sabis, tsaf, ya gane ba daga layin ba ne. Ya ce mata abu kaɗan ne, saitin da waya ke kama rezo da shi ne ya cakuɗe, za a share shi ya koma kamar ranar da aka sayo ta. Minti biyu. Hotuna ba za su taɓu ba, muryoyin da ke ciki ma haka. Abin da za ta manta kawai shi ne wayoyi da wifin da ta taɓa haɗuwa da su. Ya buɗe ya nuna mata, yana cewa nata ma guda ɗaya ne tak.

Iyatu ta miƙa hannu ta karɓe wayarta. Ta ce ta tuna ta bar mai a wuta. Bertrand ya bi ta da kallo har ta tsayar da babur.

Mako shida wayar tana rataye ba ta da amfanin komai. Sadiƙa kuwa cikinta na fari ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce ta kwanta. Sai ta wayar Hawa'u ake samun uwar. Hawa'u ta shigo da ita a hannu, jikoki biyu a bayanta, ta tsaya a kai. A gaban mutane me Iyatu za ta ce? Ya jiki, Allah ya sauwaƙe, a gaida maigidan. Kullum Sadiƙa sai ta tambayi wayar, kullum a ce mata za a kai gyara.

Wata Alhamis Hawa'u ta kasa riƙe bakinta, ta gaya wa yarinyar abin da ta ji daga bakin Iyatu, abin da mai gyara ya ce da yadda aka baro shi. Aka miƙa wa Iyatu wayar. Sadiƙa ta yi magana a hankali, ba faɗa a muryarta.

“Inna, akwai abin da ba zan faɗa a wayar maƙwabta ba. Na aiko miki ya fi a ƙirga, suna nan sun tsaya a hanya. Yaya ya rasu, Inna. Ni ina nan.”

Iyatu ta ce to. Ta miƙa wa Hawa'u wayarta, ta koma bakin kasko. Ranar ƙuli-ƙulin ya ƙone, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

Washegari da safe, kafin rana ta yi zafi, tana gindin dogonyaro. Bertrand ya gane ta, ya jawo mata benci, ya tambayi ko man bai ƙone ba. Ta ce ya ƙone. Ta ajiye wayar a teburinsa amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba. Ya buɗe wurin, ya karanta rubutun a fili, ya tambaya ko ita ce Iyatun. Ta gyaɗa kai. Ya tambayi ina ɗan. Ta ce Ngong, watan azumin bara. Ya cire tabarau ya ajiye, ya yi mata gaisuwa da Fillanci yadda ake yi.

Ya ce zai iya rubuta mata sunan a takarda, ko ya ɗauki hotonsa ya bar mata a cikin wayar, ta riƙa gani duk lokacin da ta so. Ta ce ya ɗauka, ba laifi. Amma ba rubutun ba ne.

“In na buɗe sai in ga tana dubawa ko ya iso. Mu biyu ne muke jira a gidan. In ka share, saura ni kaɗai.”

Bertrand bai ce mata ba haka waya take aiki ba. Ya juya 'yar sukudirebarsa a hannu, ya ce direbobin layin Ngaundere da yawa nan suke kawo gyara, wataƙila ya san shi. Mene ne sunansa?

Iyatu ta waiwaya hagu, inda Hawa'u takan tsaya. Ba kowa sai mai lemo yana fere. 'Yan babur suna ta hon a titi. Ta gyara bakin hijabinta.

“Abdussalam,” ta ce. Sunan ya fito mata baƙo a baki, kamar ta ɗanɗana abincin wani gari. Ta sake faɗa, wannan karon ba don mai gyara ba. “Abdussalam.”

Ya ce ya san shi, dogo, mai son tsokana, ya taɓa kawo wata waya a manna mata gilashi ya ce ta tsohuwarsa ce, a yi da kyau don hannunta kullum cikin mai yake. Ko gaskiya ne ko don ya sanyaya mata ne, Allah masani. Hawayen da mata suka yaba rashinsu wata tara da suka wuce, nan suka zo, a bakin kasuwa, gaban Kirista mai gyaran waya. Bai kalle ta ba, ya yi kamar yana neman wani abu a akwati har ta gama.

Ta ɗauke hannunta daga kan wayar.

Ya taɓa nan, ya taɓa can, wayar ta tambaya ko an tabbata, ya ɗago ya dube ta, ta ce bismillah. Fuskar wayar ta yi baƙi, ta dawo. Sandunan rezo suka hau ɗaya bayan ɗaya. Ya kunna koneksiyon da surukinta ya saya mata. Sai ga ƙarar nan, ƙil, ƙil, ƙil, ba tsayawa. Iyatu ta juya da sauri ta kalli bayanta, hannunta har ya tafi neman kwano. Masu dako ne kawai suke wucewa da buhunan masara.

Saƙo hamsin da uku, in ji Bertrand. Ya nuna mata na farko, ta kara a kunne. Muryar Sadiƙa ce tun ta kwanakin arba'in, tana cewa ta yi mafarkin Yaya yana cin ƙuli-ƙuli a ƙofar rumfa, ta tashi ta rasa wanda za ta gaya wa. Iyatu ba ta saurari na biyu ba. Ta danne inda aka koya mata, ta ce gobe Asabar tana hanya, a gyara mata shimfiɗa a ɗakin mai ciki, ta saki. Ta tambayi Bertrand ko saƙon ya tafi. Ya ce ya tafi, har an ji.

Ta yi wata biyu a Dugoi, ta yi wa Sadiƙa wankan jego, ta dawo ta hura wutarta. Wayar tana nan a ƙusar rumfa, yanzu ba ta da tsayayyen lokacin ƙara, da hantsi ta yi ƙara, da azahar ta yi, hoton jariri ne ko muryar uwarsa. Iyatu takan goge hannu ta saurara ta mayar da amsa, har da dariya wani lokacin. Wurin nan da take buɗewa da la'asar ta leƙa shi sau ɗaya, ta ga fili, ba ta sake ba. Sai dai har yau in ƙarar ta zo daidai la'asar, takan ɗaga kai ta dubi zaure, abin da ba ta taɓa yi ba lokacin da Direba yake shigowa.