Kabarin da Na Yi wa Baffana

A lokacin shekaruna goma sha biyar, kuma duk unguwar Xiaobei da ke China babu wanda ya kai ni tsokana. Ko kyanwa ta gifta sai na kwaikwayi tafiyarta. Ina zaune a wurin baffana, mai lodin wandunan jins daga garin Xintang zuwa Kano. Wata ƙawata 'yar China ce ta koya mini fentin kayan wani wasa da ake yi a kan tebur, ana jera 'yan sojojin roba suna yaƙi. Mu namu aikin makabarta ne: duwatsun kabari da ba su kai ɗan yatsa ba, a shafa baƙi, a bi da ruwan toka da busasshen buroshi, a manna garin ganyen shayi ya zama gansakuka. Na ƙware har ƙawata ta ce aljani ma zai nemi haya a ciki.

Wata rana Baffa ya ƙwace wayata, don na kwaikwayi sabuwar tafiyarsa a gaban baƙi, yana jan ƙafa yana dafe ciki. Haushi ya sa na zaɓi dutse mafi kyau, na rubuta sunansa da na mahaifinsa da tsinken sakace, na sa shekarar da muke ciki a ƙasa. Na yi dariya har na kusa haɗiye buroshin, na bar dutsen a taga ya bushe.

Da ya dawo daga azahar ya gani. Na shirya wa faɗan da za a jiyo har Kano, amma bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa, sannan ya ce 'yar Baffa ta iya aiki, sai dai namu kabarin ba haka yake ba, itace ne da ƙasa da fasasshiyar tukunya, kuma shi a can gida yake so a sa shi, kusa da mahaifiyarsa. Ya tambaya ko zan bar masa. Na ce ya ɗauka mana, har da murguɗa baki. Ya ajiye mini wayata ya fita.

Ban san a makon nan likita ya faɗa masa cutar da ke cikinsa ba. Bayan wata guda ya tafi gida, wai zai duba kaya. Sau uku ina rubuta masa ban haƙuri a waya ina fasa turawa, ina cewa sai ya dawo. Bai dawo ba. A aljihun rigarsa aka samu dutsen, fentin ya goge don shafawa, saura rabin sunansa.

Yanzu shekaruna goma sha bakwai, har yau ina tsokana, amma na daina taɓa buroshi. 'Yan uwana masu ban dariya, ba ku san abin da babba yake ɓoyewa a bayan jan ƙafarsa ba. In kun ɓata, ku nemi yafiya yau. Ni tawa tana nan a waya, ban tura ba.