Accar da Yaya Saratu ta ƙi

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne Yaya Saratu, amma har yau in na ga mace a kasuwar Kakuri, nan cikin Kaduna, ta ɗebi acca ta jefa a baki tana taunawa, sai in tuna da ita. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta ɗauko ni daga ƙauye ta samo mini aiki lokacin da masaƙu ke da rai, ita kuma ta shige gaba wajen neman auren matata Ladi. Mace ce da ba ta sayen abu sai ta shinshina, ba ta karɓar labari sai ta tambayi wa ya gani da idonsa. Mukan tsokane ta cewa ko Fasto ne ya ja aya, sai Yaya ta buɗe Littafi ta tabbatar ba ƙari ya yi ba.

A garinmu, can kudancin jihar Kaduna, akwai baje kolin da ake yi a filin firamare tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Masu citta su jera tasu, masu doya su jera, 'yan rawa su fito da ƙaho, ƙungiyoyin mata su gwada waƙa. Mu mazauna Kaduna ma mukan cika mota mu tafi. Sai dai gasar da ke hana mata barci ita ce ta acca. Dokarta ɗaya ce: kowace ƙungiya ta kawo ƙwarya guda wadda matanta suka surfa a turmi, suka rege a ruwa da hannunsu. Wanda ya san acca ya san wahalarta, ƙwayar ba ta fi yashi girma ba, raba su kuwa aikin haƙuri ne. Alƙalai uku ke zama, Yaya na cikinsu, duk da a Kakuri take zaune, domin kowa ya san ba ta da na gida a kan gaskiya.

Bara na je, na zagaya filin ina ta ƙwafa. Doyar da ta zo na ɗaya, ni dai ban san gonar da ke haifar irinta a ƙasarmu mai tsakuwa ba, ta fi kama da wadda ake saukewa daga motocin Binuwai. Matan da suka ci gasar waƙa bakinsu na motsi, amma muryar daga lasifika take fitowa, har da wani ɗan fiyano da ban ga mai kaɗa shi ba. Na ce a raina, kai, da Yaya na nan da ta sa an zare wayar a ji muryar kowa tsirara. Ina cikin wannan zargin ne na tuna abin da Hausawa ke cewa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai na nemi gindin mangwaro na zauna.

Shekara uku kafin rasuwarta, matan garinmu da ke Kakuri suka sha alwashin cin gasar. Sun gaji da gorin matan ƙauye, masu ce musu 'yan birni masu hannun auduga. Aka aiko musu da acca daga gida ba a surfa ba, suka yi Asabar uku suna daka a tsakar gidanmu har tafin Ladi ya yi kanta. Ita ta yi regaya ta ƙarshe, ita ta shanya, ita ta ɗure a ɗan buhu. Da yake ni zan riga su tafiya da kwana ɗaya, sai ta damƙa mini, ta ce in riƙe a cinya. Na ji kunyar rungume buhu kamar mai goyo, na ba kwandasta ya jefa a but ɗin mota.

A but ɗin akwai jarkar kananzir ta wani fasinja, murfinta bai zauna ba. Da muka tsaya a mararraba na sauko da buhun, rabinsa ya jiƙe, wandona ma ya samu rabonsa. Ranar kasuwa ce a wurin. Na ga wata mata da acca fara tas, irin wadda inji ya gyara, na saya na juye a sabon buhu, na watsar da wahalar Asabar uku a bayan wani kango. A lissafina na namiji, acca ai acca ce. Har murna na yi cewa wannan ta fi tasu haske.

Ranar gasa aka jera ƙore a kan tebur. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗiba tana taunawa, idonta a rufe. Da ta zo kan ta Kakuri ta tauna, ta sake ɗiba daga ƙasan ƙwaryar, ta sake taunawa. Sannan ta ce, da ƙarfin da har masu sayar da rake suka ji: "Accar da hannu ya rege ba ta rasa ƙwayar yashi ko ɗaya. Wannan ba ta san turmi ba." Ta ɗauke ƙwaryar ƙungiyarta ta ajiye a ƙasa. Matan ƙauye suka rangaɗa guɗa. Matan Kakuri kuwa duk suka juya suka dubi Ladi, tunda a hannunta aka bar accar. Ina tsaye a bayan 'yan rawa, na ga matata ta buɗe baki ta rufe. Ni kuwa na ƙara laɓewa, na bar ta da laifin.

Tun daga ranar sunanta ya koma Ladi mai inji. Ba a gabanta ake faɗa ba, amma a Kakuri bango ma kunne gare shi. In za a dafa abincin biki sai a ba ta wankin tukwane, kada ta kawo na kanti. Ita da Yaya gaisuwa ce kawai ta rage, ta coci, wadda ba a haɗa ido. Ni kuwa na zama mai kaza a aljihu, ko a rediyo aka ambaci acca sai in tashi in fita.

Har gobe ina zargin Yaya ta gane. Takan kafa mini ido a kan abinci ba dalili. Da ciwo ya kwantar da ita na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Bitrus, ba ka da abin da za ka faɗa mini?" Na ce babu, Yaya, sai fatan sauƙi. Ta saki hannun ta juya fuska bango. Bayan kwana huɗu ta tafi gida wurin Ubangiji.

Abin da ya sa na tono wannan yanzu shi ne, kujerar alƙalancin da Yaya ta bari ta sake zama fanko, an ce matan Kakuri su ba da mutum. Wasu suka ambaci Ladi, don duk cikinsu babu mai hannunta a regaya. Sai wata ta ce, a gaban taro, yaya za a ba kura ajiyar nama? Ladi ta dawo gida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da rana tsaka. Shekara goma tana ɗauke da kayana, ni ina yawo ana ce mini dattijo.

Kafin in aika da rubutun nan na zaunar da ita na karanta mata. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba har na kai aya. Sannan ta ce, "Baban Murna, ai na sani. Buhun da na ba ka na ɗinke bakinsa da jan zare, wanda aka juye a ƙwarya kuwa da igiya aka ɗaure shi. Kuma ni na wanke wandon nan mai warin kananzir." Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "In tsaya a filin firamare in ce mijina ne? Jira nake ka faɗa da bakinka." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne haƙorin nan da ba ya yarda da farin abu sai ya tauna, kuma ko a ranar ba ta yi kuskure ba, accar ba ta san turmi ba. Kuskuren na waɗanda suka juya suka dubi Ladi ne, laifin kuma nawa. Matan garinmu na Kakuri, ranar Lahadi bayan sujada zan zo taronku in maimaita wannan a tsaye, sai ku ba mai kujera kujerarta. Ke kuma Yaya, tambayar da kika yi mini a kan gado, ga amsarta, ta makara da shekara bakwai: akwai, Yaya. Ni ne.