Gajerar Dawar Ƙanena

A Urno, in ana maganar doguwar dawa, gonata ake nufi. Tun da bayan Baba ya ƙage nake noma gonar ni kaɗai, kuma duk kaka sai in kai shi bakinta a amalanke, ya ɗaga kai ya dubi zangarniya, ya sa mini albarka. Wannan albarkar ita ce ladana, ban haɗa ta da komai ba.

Sai ƙanena ya zo hutu daga karatunsa da ya ƙi ƙarewa. Wai aikinsu a labo, ɗakin gwaje-gwaje, shi ne taɓa ƙwayar halittar tsiro, su rage sinadarin da ke sa shi tsawo, don ƙarfin ya koma ga kai. Na tambaye shi ko shekarun nan duka a lakkwal, makarantar boko, gajarta abin da Allah ya tsawaita ya je koyo. Aka yi dariya, na ji daɗi. Ya ce nasu irin bai isa fitowa gona ba tukuna, amma ya zo da wani gajeren iri da aka riga aka yarda da shi. Na ware masa kunya biyar can gefen hanya, inda awaki ke bi. Da gangan na yi. Ya shuka ya koma birni, Baba ya ce in riƙa dubawa, noman da korar awakin suka dawo kaina.

Kaka ta zo. Tawa sai an sare kara an kwantar kafin a yanki kai, aikin mai lafiyar ƙugu. Na kawo Baba kamar kullum, amma bai ɗaga kai ba. Ya sauka, ya dogara sanda har kunyoyin nan, inda dawar ta tsaya masa daidai ƙirji. Ya miƙo mini hannu.

"Ba ni wuƙakka."

Ya yanki kai ɗaya, ya yanki na biyu, ba duƙawa ba miƙewa. Rabonsa da yankan dawa da hannunsa har na manta. Yana yi yana dariya, ni ina biye da kwando, kishi na cina kamar wuta. Ban taɓa sa shi dariya haka ba.

Da ya gaji ya zauna a ƙasa, ya ce, "In munka koma gida, kira min ƙanenka in sa mishi albarka."

Ni na danna lambar, ni na riƙe masa salular a kunne har ya gama.