Tsohuwar Taswira

Shekarun baya, ina gama karatu na samu aiki a wani ɗan ofis a saman bene a Sabon Gari. Manhaja muke yi wa 'yan kasuwar Kwari da ta Singa, wadda suke duba kayan da suka rage a sito da ita. Ni kaɗai ce mace a wurin, kuma sai da mahaifiyata ta sha fama da kawuna kafin ya bari in riƙa hawa adaidaita daga Fagge in je. Ni kuwa ji nake kamar ni na ƙirƙiro kwamfuta, har tafiyata sai da ta canza.

Ana gab da sallah, Kwari ba masaka tsinke, sai manhajar ta fara mutuwa a hannun mutane. Wayar maigidanmu, wani Alhaji, ba ta huta ba.

Idan manhaja ta mutu, ba ta cewa ga layin da ya kashe ni. Wata doguwar lamba take turowa, adireshin inda ta tuntsure a ƙwaƙwalwar waya. Duk lokacin da aka haɗa manhajar akwai fayil da ke fitowa, mu taswira muke ce masa, shi ke mayar da lambar zuwa layin da mutum ya rubuta. Kowane haɗi da tasa taswirar. In ka ɗauko tsohuwa, za ta nuna maka layi tiryan-tiryan, sai dai ba shi ba ne.

Haɗawa aikin abokin aikina ne, wanda muka yi makaranta tare. Ya saka lambar, Alhaji na tsaye a kansa, sai ga layi ya fito a cikin aikina.

"Malama, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Alhaji, amma layin nan kwanan wata kawai yake nunawa. Ba abin da zai kashe."

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji shi.

Na juya na tambayi abokin nawa taswirar wane haɗi ce. Ya ce ta ƙarshe ce mana, idonsa na kan allo. A gaban kowa aka ce in tattara kayana.

Da yamma kawuna ya zo gida ya ce wa mahaifiyata, "Ai na faɗa miki." Ta ci gaba da tsince shinkafa. Shirun nan ya fi korar ciwo. Na daɗe ina bitar layin nan a zuci, har na fara yarda cewa wataƙila ni ce daƙiƙiyar.

An yi shekaru, rannan muka yi kiciɓis da abokin aikin nan nawa a Kwari yana cinikin atamfa. Bayan gaisuwa sai ya kama dariyar kunya.

"Kin san taswirar nan tsohuwa ce? Ƙanin Alhaji ne ya ƙara wani abu, na sake haɗawa, ban ajiye sabuwar ba. Da na faɗa, ni za a kora. Ke kuwa na ga ai aure za ki yi. Ki yafe ni."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta sa hannu ba.

Yau ina nan ina sana'ar, har da masu aiki a ƙarƙashina. Duk wanda ya kawo mini lamba ya ce ga mai laifi, sai ya nuna mini taswirar wane haɗi ce kafin in kira sunan kowa. Suna cewa na cika tsanani, su yi ta faɗa.

Amma har yanzu abin na cina. Da na bar Kwari ranar, na hau adaidaita har ƙofar gidanmu ina sauri, kamar mai kai albishir. Sai da na shiga soro na tsaya. Wadda nake so ta ji cewa ba laifina ba ne, mahaifiyata, mun riga mun kai ta makwancinta.